Injin Juya Katako: Tambayar Da Masu Saye Ke Mantawa A Kasuwar Litinin

Maiduguri. Gobarar da ta cinye babban ɓangare na Kasuwar Litinin ranar 26 ga Fabrairu, 2023, da ambaliyar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba, 2024, sun tilasta wa masu sana'a da dama sake sayen kayan aiki. Kafintan da ke neman injin juya katako, wanda ake fitar da ƙafafun gadaje da kujeru a kansa, yakan tambayi ƙarfin injin da farashinsa, amma ba kasafai yake tambayar yadda yake tsayawa ba.

A tsofaffin injuna, sauya wa bel mazauni ake yi kafin gudu ya canja. Sababbin kuwa suna da akwatin lantarki mai sarrafa gudu, wanda kuma shi ne birki, domin shi ke rage gudun a hankali har katako ya tsaya. To, a nan gizo ke saƙar. Idan jan maɓallin gaggawa yana yanke wutar injin baki ɗaya, ya yanke har da birkin ke nan, sai gungumen ya ci gaba da juyawa da nauyinsa, alhali wataƙila hannun rigar yaron shago ya riga ya naɗe a jikinsa.

Birki mai tsanani ma yana da nasa haɗarin. Katako mai nauyi kan mayar da wuta cikin akwatin yayin tsayawa, in kuwa babu na'urar da za ta mai da wutar zafi, akwatin zai kashe kansa ya saki aikin. Bugu da ƙari, farantin da ke riƙe katakon murɗa shi ake yi a kan sandar injin, saboda haka tsayawar farat ɗaya tana iya warware shi ya faɗo, sai fa in an ɗaure shi da ƙaramin noti na kulle.

Sai batun wuta, wanda mutanen Maiduguri ba sa bukatar dogon bayani a kansa. Tun bayan da mahara suka rushe turakun layin Damaturu a farkon 2021, garin ya sha dogon duhu, aka rungumi janareto. Injin da makunninsa ke zama a kunne bayan an ɗauke wuta zai tashi da kansa da zarar an kawo ta, ko da hannu na kan katako. Makunni mai maganaɗisu shi ne maganin wannan, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin injin.

Gwajin bai wuce minti guda ba a gaban dillali. A kunna injin, a zare filogi, sannan a mayar. Wanda ya tashi ba tare da an sake danna maɓalli ba, sai a nemi a sauya masa makunni kafin a biya.