Nana Asma'u: yaƙi, waƙa da rawar bori

Nana Asma'u, ƴar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta tashi cikin yaƙi. Da ta kama alƙalami, da Fulatanci da Hausa da Larabci ta tsara waƙoƙi. Waƙarta mai suna Waƙar Gewaye ta bi sawun yaƙoƙin jihadi, har da faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808.

Matan Gobir da yaƙi ya kawo Sakkwato da borinsu suka zo, da kiɗa da rawa. Asma'u ta ƙi bori ƙwarai, amma ba ta kori matan ba. Sai ta kafa ƙungiyar Ƴan Taru, ta naɗa mata malamai da ake kira jajoji da malfa da jan rawani, suna bin ƙauyuka suna koya wa mata addini ta hanyar waƙa. Wannan dabara, a ganina, ta fi takobi tasiri. Asma'u ta rasu a 1864.