Abin Da Ke Dagula Haruffan Hausa A Imel Da Intanet, Da Maganinsa

Daga Wakilinmu na Arewa, Kaduna

'Yan'uwanmu mazauna Agege, da Sabo ta Ibadan, da Fatakwal, da yawa sun sha buɗe wasiƙar imel daga gida su tarar da ita a dagule. Inda aka rubuta "ƙasa" sai su ga "Æ™asa", "ɗari" ta koma "É—ari", alamar Naira kuma ta zama "â‚¦". Wasu su ce cutar kwamfuta ce, wasu su zargi marubuci. Alhali kuwa ba haka ba ne.

Ita kwamfuta ba ta san baƙi ba, lamba ta sani. Kowane harafi da lambarsa, kuma tilas mai aikawa da mai karɓa su yi aiki da jadawali ɗaya. Jadawalin ASCII da aka fitar a Amurka a 1963 gurbi 128 kawai gare shi, na Ingilishi. Daga baya aka yi irin su Windows-1252 domin harsunan Yammacin Turai, su ma babu ɓ, ɗ, ƙ a cikinsu, ko da yake tun shekarun 1930 ake buga littattafai da su a Zariya. Sai a 1991 tsarin Unicode ya fito da nufin bai wa kowane harafi na duniya lambarsa, a 1992 kuma Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro UTF-8, watau hanyar ajiye waɗannan lambobi, wadda kusan duk shafukan intanet ke bi a yau.

To, a UTF-8 harafin ƙ lamba biyu ce a haɗe. In manhajar mai karɓa ta ɗauka Windows-1252 ne, sai ta raba su, ta karanta ta farko Æ, ta biyu ™. Saƙon yana nan lafiya, karatun ne aka yi da jadawalin da ba nasa ba.

Ɓarnar iri uku ce, kowace da maganinta. Ta farko ita ce wannan ta baƙin alamu. Mai karatu ya nemi wurin sauya tsarin haruffa a manhajarsa ya zaɓi UTF-8. Firefox da Thunderbird suna da maɓallin gyara wannan. Mai shafin intanet kuwa ya bayyana a saman shafinsa cewa UTF-8 ne. Ɗan kasuwar da aka aiko wa lissafi a fayil ɗin CSV, ya shigo da shi cikin Excel ta hanyar shigo da bayanai, ya zaɓi lamba 65001, wadda ita ce UTF-8. A kula: kada a adana takarda tana dagule a kan ta asali, domin nan ne ɓarnar ke zama daram.

Ta biyu ita ce ɗan akwati fanko a madadin harafi. Nan lambar daidai take, salon rubutun ne ba shi da siffar harafin. Sai a sauya zuwa Noto, ko Charis SIL, ko Andika.

Ta uku ita ce alamar tambaya, "?asa". In an riga an adana ta haka, harafin ya tafi ke nan. Sai dai a roƙi mai aikawa ya sake turowa.

Abin da ya fi damun mu shi ne, saboda gudun wannan wahala mutane da yawa sun watsar da haruffa masu lanƙwasa ɗungurungum. Jama'a, kaya daban, ƙaya daban. Baki daban, baƙi daban, haka kafa da ƙafa. Babba yakan gane daga zancen, amma yaron da aka haifa a Ikko, wanda Hausarsa ta rubutu a waya yake koyonta, yaya zai bambance? Madannin Gboard na waya yana da Hausa, kyauta ne, sai dai a shiga saiti a ƙara ta.

Mai rubutu ya rubuta da lanƙwasa, ya adana da UTF-8, mai karɓa kuma ya duba jadawali kafin ya goge wasiƙar ɗan'uwansa. Allah ya sa mu dace, amin.