Yadda Tsohon Gini Ke Zama Gidan Nuna Fasaha

A garuruwanmu akwai tsofaffin gine-gine da yawa da aka bari. Wasu sun zama kango, awaki ke kwana a ciki. Wasu kuma an rushe su an yi shaguna. Amma akwai wata hanya. Ana iya gyara ginin a mai da shi wurin da jama'a za su zo su ga aikin hannu, na da da na yanzu.

An taɓa yin haka a Kaduna. Duk wanda ya taso daga Tudun Wada ya bi hanyar Ali Akilu, wajen Unguwar Sarki, zai ga Gidan Tarihi na Ƙasa. Da can ginin ofishin jam'iyyar NPC ne, wato jam'iyyar su Sardauna Ahmadu Bello. Da soja suka karɓi mulki a 1966 sai aka soke jam'iyyu. Daga baya gwamnatin Jihar Tsakiyar Arewa ta ba da ginin kyauta, aka buɗe gidan tarihi a ciki a 1975.

Cikin kayan da aka ajiye har da mutum-mutumin yumɓu na Nok. Nok ƙauye ne a kudancin Jihar Kaduna, kuma waɗanda suka gina kayan sun rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. An kuma ware wuri a harabar gidan domin masu sana'ar hannu, su yi aiki mutane na kallo, mai so ya saya. Wannan dabara ce mai kyau. Gidan da ake kallon kayan magabata kawai, sau ɗaya mutum zai je. Wanda ake aiki a cikinsa kuwa, ba ya rasa baƙi.

A wasu ƙasashe an fi haka nisa. A birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu akwai wani ƙaton rumbun hatsi na kankare a bakin teku. An gama shi a 1924, aka daina zuba masara a ciki a 2001. Ba a rushe shi ba. Magina suka yanka cikinsa, suka fitar da wani babban zaure mai siffar ƙwayar masara. A 2017 aka buɗe shi da sunan Zeitz MOCAA. Zane-zane da sassaƙa da hotunan 'yan Afirka na wannan zamani ake nunawa a can. Rumbu dai ya zama gidan kallo.

To, yaya ake wannan gyara? Rufi ake fara dubawa, domin ruwa shi ne babban abokin gaban tsohon gini. Idan indararo ya toshe, damina ɗaya ta isa ta ɓata bango. Sai a duba azara ko gara ta ci ta. Ginin ƙasa irin Gidan Makama na Kano, wanda shi ma gidan tarihi ne, yana bukatar yaɓe a kai a kai. Wasu sukan shafe bangon ƙasa da siminti don su huta. Kuskure ne. Siminti yana riƙe danshi a ciki, ƙasar ta ruɓe, wata rana a wayi gari bango ya zube.

Ana barin fuskar ginin yadda take, domin ita ce shaidar tarihinsa. Ciki ne ake sauyawa. Zane ba ya son zafin rana ko laima, don haka ana bukatar iska da haske mai sauƙi. Sai mai gadi, sai kuɗin kula na kowace shekara. Nan ne aka fi samun matsala: a yi bikin buɗewa, a yanke ƙyalle, sannan a manta.

Kaduna ba ta rasa irin waɗannan gine-gine ba. Masaƙar KTL ta Kakuri ta fara aiki a 1957, aka rufe ta a 2002. Masu fasaha ma akwai su. Tun 1958 ɗaliban zane suka kafa ƙungiyarsu a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma har yau ana koyar da zane da sassaƙa a can.