Gidan Gem a Gyadi-Gyadi da Tarauni: Wane Zargi Ne Gaskiya, Wanne Ne Ƙanzon Kurege?

Duk wanda ke ratsa lungunan Gyadi-Gyadi da yamma, daga Court Road har ya ɓulla titin Zariya, da wuya bai wuce ta ƙofar gidan gem ba: ɗan shago, benci, talabijin uku ko huɗu, janareta na ruri a waje, samari sun ƙura ido ana taka leda a allo. A Farm Centre kuwa, babbar kasuwar waya ta Tarauni, yaro na karɓar sabuwar wayarsa zai nemi a sa masa Free Fire ko Dream League. Abin ya shiga gidaje, don haka maganganu suka yi yawa a kansa, a majalisa, a gidan suna, da saƙonnin murya na WhatsApp. Wasu sun ce gem na haukata yara, wasu sun ce shi ke ƙyanƙyashe 'yan daba, wasu sun ce akwai wanda ake yi wa gunki sujada a cikinsa. Samarin su ma suna da tasu jita-jitar, wai da gem mutum zai zama miloniya.

Ina ganin damuwar iyaye tana kan hanya, domin babu uban da zai ga ɗansa ya raba dare yana latsa waya hankalinsa ya kwanta. Sai dai yawancin tsoron an ɗora shi inda haɗarin ba ya nan, inda yake kuma an bar shi ba mai tsaro.

Mu fara da batun hauka. Tushen wannan magana shi ne matakin Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda a 2019 ta amince da sanya kamuwa da jarabar gem cikin kundinta na cututtuka, kundin kuma ya fara aiki a Janairun 2022. Wannan ya faru. Amma hukumar ba ta ce gem na haukatarwa ba, ba ta kuma ce duk mai bugawa majinyaci ne ba. Ta gindaya sharuɗɗa masu tsauri: mutum ya kasa iya tsayar da kansa, gem ya gabaci komai a rayuwarsa, ya ci gaba da yi alhali yana ganin karatunsa ko sana'arsa ko zumuncinsa na rushewa, kuma a ga haka na aƙalla wata 12. Hukumar da kanta ta ce kaɗan ne daga cikin masu bugawa ke kaiwa wannan matsayi. Saurayin da ya buga wasa biyu bayan la'asar ya tashi ya tafi islamiyya ba ya cikin lissafin. Wanda ya daina zuwa makaranta, ya daina barci, ya koma ɗaukar kuɗin cefane don sayen data, shi ne abin dubawa, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke maƙwabtaka da unguwar yana da likitocin ƙwaƙwalwa. Sau da yawa a irin wannan yaro akwai wata damuwa a ƙasa da ta kora shi cikin wayar, duka kuma ba ya fito da ita.

Haka batun farfaɗiya: gem ba ya haifar da ita. Akwai dai kimanin 3 cikin 100 na masu farfaɗiya waɗanda walƙiyar haske ke tayar musu da ciwon, ko daga talabijin take ko daga fitilar gidan biki, kuma su ne ya kamata a kiyaye. Ido kuwa yana gajiya, yana bushewa, kuma likitocin ido na danganta ƙaruwar rashin hangen nesa a yara da yawan duban abu kusa-kusa tare da ƙarancin fita waje. Makanta dai ba ta cikin abin da aka tabbatar.

Zargin da ya fi yi mini ciwo shi ne na daba da ƙwacen waya, domin yana shafa wa yaran kirki baƙin fenti. Daba ta girmi PlayStation a Kano nesa ba kusa ba. Dattawan Tarauni sun san 'yan banga tun siyasar jamhuriya ta farko, sun kuma san yadda 'yan siyasa suka riƙa amfani da 'yan daba a jamhuriya ta biyu, lokacin da babu gidan gem ko ɗaya a unguwa. Masana sun daɗe suna bin wannan batu. A 2019 masu bincike na Jami'ar Oxford sun nazarci matasa kimanin 1,000 'yan shekara 14 da 15 a Birtaniya, suka haɗa da shaidar iyayensu, ba su ga alaƙa tsakanin buga gem na faɗa da muguwar ɗabi'a ba. A 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce akwai 'yar alaƙa da zafin rai, irin su tsawa da ture-ture, amma babu isasshiyar hujjar jingina aikata ta'asa ga gem. Mai ɗaukar wuƙa ya tare mutane a Adaidaita, abin da ke bayansa sananne ne: ƙwaya, zaman banza, mugun aboki, da ɗan siyasar da ke ba shi na kashewa.

Ba ina wanke kowane gem ba ne. GTA, wanda ake tura wa yara a waya ba tare da tambaya ba, masu tantancewa na Turai sun sa masa lamba 18, saboda akwai kisa da batsa da ƙwaya a ciki. Ita wannan lamba a jikin kwali take, tana kuma fitowa a Play Store kafin a sauke. Tsarin tantancewar Amurka ma ya samo asali ne a 1994, bayan hayaniyar da jinin wasan Mortal Kombat ya jawo a majalisarsu. Mai gidan gem da ke kunna wa ɗan shekara tara irin wannan ya yi laifi, kuma mai unguwa da iyaye suna da hurumin yi masa magana.

Sai batun addini, inda gaskiya da ƙari suka cakuɗe har sai an zauna an tsefe. Maganar sujada ga gunki a PUBG tana da asali. A Yunin 2020 kamfanin Tencent ya ƙara wani sashe a wasan inda ɗan wasa ke rusunawa gaban wasu sassaƙe don ƙarfinsa ya dawo. Musulmi, musamman a Kuwait da Saudiyya, suka yi ca, kamfanin ya cire abin cikin 'yan kwanaki ya kuma nemi afuwa. Hoton da ake ta yaɗawa yanzu na abin da aka riga aka cire ne. Haka a Nuwamban 2021 aka ga shafukan Alƙur'ani a yashe a ƙasa cikin wani sashe na Call of Duty: Vanguard, kamfanin Activision ya cire ya ba da haƙuri. Wanda ya fi yawo shi ne na Fortnite, wai sai ka rushe Ka'aba za ka wuce mataki na gaba. Maganar ta yi ƙarfi a tsakiyar 2021 har cibiyar fatawa ta Azhar ta yi gargaɗi. Kamfanin Epic ya bayyana cewa wani ɗan wasa ne ya gina siffar a sashen da kowa ke iya gina abin da ya ga dama, ba ta cikin ainihin wasan, kuma ba a iya rushe ta. A biyun farko ƙorafin Musulmi ne ya gyara abin, kuma ya yi tasiri ne saboda an faɗi daidai abin da ya faru. Idan muka riƙa tura labarin da yaran suka san ƙarya ne, ranar da muka zo da na gaskiya ba za su saurare mu ba. Abin da ya fi kusa da mu a addinance shi ne a kira magariba hannun gem na hannun yaro yana cewa bari a tashi wasan. Wannan kullum ake yinsa, kuma mai shago na iya maganinsa da kashe talabijin.

Caca ce wurin da nake so iyaye su tsaya da kyau. Mutane da yawa suna ɗaukar gidan gem da shagon caca abu guda, saboda duka biyun akwai allo da ƙwallo da taron samari. Ba ɗaya ba ne. A gidan gem kana biyan kuɗin zama ne ka buga da hannunka, iyawarka ce ke ci. A shagon caca kana zuba kuɗi ne a kan sakamakon da ba ka da iko a kansa, har da ƙwallon bogi da kwamfuta ke bugawa duk bayan 'yan mintuna. Irin waɗannan shaguna ne Hisbah ta rufe da dama a Oktoban 2024, kuma a Nuwamban shekarar Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. Amma katangar da ke tsakani ba ta da tsayi. Da zarar samari biyu sun ajiye kuɗi a kan benci wanda ya ci ya kwashe, caca ta shigo gidan gem. Hatta al'adar nan ta wanda aka ci shi zai biya kuɗin wasa, malamai da yawa suna ganin ta faɗa ciki. Akwai kuma wadda ke cikin wayar kanta: wasanni da yawa kyauta ake sauke su, sannan su riƙa sayar da akwatin sa'a, ka biya ba ka san abin da zai fito ba. Ƙasar Beljiyam ta ayyana irin wannan a matsayin caca tun 2018. Uwar da ta bar katin bankinta a haɗe da wayar da yaro ke wasa da ita ta buɗe wannan ƙofa ba ta sani ba. Ga kuma hira da baƙi: Free Fire da PUBG suna haɗa yaro da muryar mutumin da ba wanda ya san shi. A saitin wasan ana iya kashe wannan, kuma ya kamata a kashe wa ƙanana.

Jita-jitar samarin fa? Kuɗin gasa gaskiya ne. Mosaad Aldossary, ɗan Saudiyya, ya ci gasar duniya ta FIFA ta gem a Landan a 2018, ya tafi da dala 250,000. A 2024 birnin Riyad ya karɓi wata gasar gem da kyaututtukanta suka haura dala miliyan 60, kuma a wasannin Asiya da aka yi a Hangzhou a 2023 an ba 'yan gem lambobin yabo kamar sauran 'yan wasa. Sai dai masu cin abinci da wannan 'yan ƙalilan ne cikin ɗaruruwan miliyoyi, kuma suna da wuta da intanet mai sauri da masu ɗaukar nauyi. Yaron da ke jiran a kawo wuta ya yi caji, idan ya ajiye littafi don wannan mafarki ya cuci kansa. Hanyar da ta fi faɗi ita ce ta ƙirƙira: zane, rubuta manhaja, tsara labari, sanya murya.

Kallon da ake yi wa ɗan gem ya fara sauyawa, dalilin kuma a fili yake. Yaran da suka yi layi a kan PS2 da Winning Eleven a farkon shekarun 2000 su ne magidanta yau, cikinsu akwai malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwar Farm Centre. Sun san ba su lalace ba, sun kuma san abokan da suka lalace da abin da ya lalata su. Hajiyar da ke faɗa a kan gem ita ma tana da Ludo King ko Candy Crush a wayarta, kuma babu aibi a hakan.

Abin da ke ba ni takaici shi ne duk wannan muhawara a kan wasanni biyar ko shida ake yinta, ƙwallo da harbi, alhali akwai waɗanda ke ɗauke da sunanmu ba mu ma san da su ba. A Agustan 2021 aka ƙara Hausawa cikin al'ummomin da ake bugawa a Age of Empires III, kuma birnin da aka ba su a matsayin gida shi ne Kano. Akwai mahaya masu lifidi, da maigadi, da maroƙa, da maharban Fulani, da cinikin shanu, sojojin kuma da Hausa suke amsa umarni. A Crusader Kings III, na kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin, wanda ya fito a 2020, Daurama ta Daura tana cikin sarakunan da wasan ke ba da shawarar a fara da su. A taswirar Europa Universalis IV, da ke farawa daga 1444, mutum na iya riƙe Kano ko Katsina ko Zazzau, ya yi fama da haraji da fatauci da maƙwabta. A Civilization VII na 2025 Sarauniya Amina na cikin shugabannin da ake zaɓa. Waɗannan wasanni ne na lissafi da haƙuri, sai ka tanadi abinci kafin ka tara runduna, sai ka auna abokin ƙawance kafin ka sa hannu. Ba littattafan tarihi ba ne, suna haɗa zamunna, suna ɗaukar tatsuniya su sa mata shekara, don haka suna buƙatar malami a gefe. Amma yaron da ya ga lifidi a allo zai kalli hawan Daushe da wani ido daban, zai kuma yi tambayar da ba ya yi a aji.

Dalilin da ya sa ba a ganin su a Gyadi-Gyadi ba ɓoyayye ba ne: akasarinsu sai da kwamfuta mai ƙarfi, da kuɗin saye, da Turanci, kuma wasa ɗaya na cin sa'o'i, ba zai yi wa mai shagon da ke karɓar kuɗi a kan minti goma riba ba. Duk da haka bidiyonsu na nan a YouTube, malamin tarihi ko mai cibiyar koyon kwamfuta na iya nuna wa ɗalibai ba tare da ya sayi komai ba. Kuma 'yan Afirka sun fara yin nasu: Maliyo Games a Legas tun 2012, waɗanda suka mayar da wasan Whot cikin waya, da Kiro'o Games a Yawunde, waɗanda suka fitar da Aurion a 2016. Kano na da marubuta, da masu zane, da masu sanya murya da masana'antar fim ta horar, da ɗaliban kwamfuta a Jami'ar Bayero. Dara da langa da labarin Bagauda da ganuwa duk kayan aiki ne da ke jiran wanda zai mayar da su wasan da zai shiga ƙaramar waya, ya yi aiki ba tare da data ba, ya kuma yi magana da Hausa.