Gargaɗi: A Sa Ido Kan Rafukan Da Ke Gangarowa Daga Wuraren Haƙar Ma'adinai

Jama'ar ƙauyukan da ke gindin duwatsun da ake haƙar zinare ko kuza, a saurara da kyau. Ruwan da ke biyowa ta ramukan haƙa da wuraren wankin ƙasa yakan ɗauko dalma da zaiba, kuma ba a jin warinsu balle ɗanɗanonsu. Sai ruwa ya yi garau alhali guba na cikinsa. Tafasawa ba ta fitar da su, sai ma ta ƙara musu ƙarfi idan ruwan ya ƙone.

Mun ga aikin dalma da idonmu. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu sanadin niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Agwagi ne suka fara mutuwa kafin yaran, amma ba a ankara ba. A 2015 aka maimaita a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka riga mu gidan gaskiya.

Shi kansa rafin ruwa ma yana nuna alamar ciwo. Ku ɗaga dutse a cikin ruwan ku duba ƙarƙashinsa. A lafiyayyen rafi, za ku tarar da ƙananan ƙwari maƙale suna motsi. Idan dutsen ya zama fayau, ko ya yi jan tsatsa, kifi da kwaɗi kuma sun ɓace, to a daina sha, a daina girki da shi, a hana dabbobi kusantarsa.

Masu haƙa, don Allah kada ku wanke ƙasa a bakin rafi, kada ku kai dutse gida a niƙa. Dagatai da masu unguwanni, ku nemi ma'aikatar muhalli ta jiha ta auna ruwan tare da lakar ƙasansa, da rani da kuma farkon damina, domin a cikin laka gubar ke kwanciya, ruwan farko kuma shi ke kwaso ta.

Iyaye, yaron da ke fama da ciwon ciki, amai, kasala ko jijjiga, a garzaya da shi asibiti a auna jininsa. Wanda wannan saƙo ya iske, ya isar da shi a masallaci, coci da kasuwa tun kafin ruwan farko ya sauka.