Taya da wilin da suka dace da tsohuwar akori-kura a Diffa

A jihar Diffa, tsohuwar akori-kura ba motar ado ba ce. Ita ke kwaso buhunan tattasai daga gonakin bakin Komadugu, ita ke kai fasinja da kaya Maine-Soroa da N'Guigmi a kan babbar hanya ta RN1, ta kuma sauka daga kwalta ta kutsa rairayi. Akasarinsu Land Cruiser ne da Hilux, sai 'yan tsirarun Peugeot 504 da suka rage. Mai mota yakan kashe kuɗi wurin gyaran inji, amma in an zo batun taya sai ya ɗauki duk wadda ta shiga. Shiga dabam, dacewa dabam.

A fara da wili, wato ƙarfen da taya ke zama a kai. Land Cruiser samfurin 75 ƙusoshi shida gare ta, tazarar da'irarsu milimita 139.7, daidai da Hilux kat-kat. Daga 1999, da samfurin 79 ya fito, Toyota ta koma ƙusoshi biyar masu da'irar milimita 150. Saboda haka wilin waccan ba ya hawa wannan. In bakanike ya ce zai faɗaɗa ramukan da injin huji, kada ka yarda, domin noti ba zai zauna daidai ba, kuma girgizar burji za ta kwance shi ko ta karya ƙusa. A duba ramin tsakiya ma, da yadda wilin ya fito waje ko ya shige ciki. Wanda ya fito da yawa yana cin boris, wanda ya shige kuma taya takan goga jikin mota in an karya kan sitiyari.

Tsofaffin Land Cruiser da yawa suna da wili mai zobe, wanda ake ɓalle bakinsa a zare taya. Amfaninsa shi ne direba zai iya yin faci a daji da ƙarfe biyu da guduma. Sai dai dole a sa masa tub, kuma in zoben bai zauna ba aka ba shi iska, yakan yi tsalle da ƙarfin da zai iya kashe mutum. Mai faci da ya san aikinsa yakan ɗaure shi da sarƙa, ya tsaya gefe.

Sai rubutun da ke jikin taya, wanda mutane ƙalilan ke karantawa. Asalin tayar irin wannan Land Cruiser ita ce 7.50R16: faɗinta kusan inci bakwai da rabi, wilinta inci 16, tsayinta kimanin santimita 80. A sabon lissafi, 235/85R16 ce ta fi kusa da ita. Matasa na son taya mai ƙiba da tsawo don mota ta yi kwarjini, amma inji tsoho ne. Taya in ta fi ƙima, mota takan rasa ƙarfin tashi da lodi, kuloci ya wahala, birki ya ƙara nisa, agogon gudu kuma ya riƙa nuna ƙasa da gudun da ake yi.

Ga mai dakon kaya, lambar nauyi ta fi komai. Lamba 112 na nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 1,120, lamba 121 kuma kilo 1,450. Harafin C ko LT alama ce ta tayar lodi, haka ma 8PR ko 10PR. Tayar ƙaramar mota ko da girmanta ya yi daidai, gefenta laushi gare shi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Diffa ke haura digiri 40, irin wannan tayar ce ke fashewa a kwalta da lodi a kai.

'Yan gwanjo kuwa sai an lura, araha ba ta ado. A nemi lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT: 2319 na nufin an yi tayar a mako na 23 na 2019. Kamfanin Michelin na ba da shawarar a daina amfani da taya in ta kai shekara 10, ko da zanenta bai cinye ba. Wadda ke da hoton dutse da ƙanƙara a gefe sau da yawa ta hunturun Turai ce, mai robar da ba ta jure zafinmu. A murza gefen da yatsa, in an ga ƙananan tsaga, a bar ta.

Zane kuma ya danganta da hanya. Mai manyan haƙora na da amfani a taɓon fadama bayan ambaliyar Komadugu, amma a rairayi tona rami yake yi ya binne mota, a kwalta kuma ga ƙara ga saurin cinyewa. Mai matsakaicin zane, wanda ake rubuta wa A/T, ya fi dacewa da mai bin hanyoyin nan uku. A rairayi ana rage iska don taya ta shimfiɗe, amma da an hau kwalta a mayar, in ba haka ba zafi zai cinye ta daga ciki. Don haka famfo da ma'aunin iska su zauna a mota.

A ƙarshe, a kat-kat tayoyi huɗu su zama girma ɗaya, har da safaya, domin bambancin tsayi na wahalar da giya in an sa kat-kat. Kafin ka biya, duba littafin motar ko takardar da ke manne a ƙofar direba in tana nan, ka kwafi lambobin, ka tafi da su wurin mai taya.