Yadda Ake Zaɓen Injunan da ke Ɗauke da Intanet

A hutun da ya wuce na raka yayana wani shagon kwamfuta a Gwandu don ya cika takardar neman shiga jami'a. Tun da hantsi muke zaune har la'asar, ga shi washegari za a rufe karɓa, amma shafin ya ƙi buɗewa. Mai shago sai cewa yake, "Sabis ne ya yi nauyi." Sai bayan sallar asuba muka samu aka cika. Da muka koma makaranta na tambayi malaminmu na kwamfuta ma'anar wannan nauyi. Abin da na fahimta shi ne nake son in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Saƙon da mutum ya aika daga Gwandu ko Kalgo ba ya tafiya a dunƙule. Ana yanka shi gutsi-gutsi, kowane da adireshinsa. Daga waya sai ya hau eriyar kamfani, daga nan ya bi wayar gilashi, sau da yawa har Legas, inda manyan wayoyin ƙarƙashin teku suke sauka, irin su MainOne da ta fara aiki a watan Yuli na 2010. A kowace mararraba akwai injuna iri biyu. Na farko ana ce masa suwic, aikinsa haɗa injunan da ke gida ɗaya. Na biyu shi ne rauta, wanda yake kamar ɗan kamasho a tashar mota: ya dubi inda fasinja za shi, ya nuna masa motar da zai shiga. In fasinjoji suka fi ƙarfinsa, dole wasu su jira, wasu ma a bar su a tasha. To, ga ɗaya daga cikin abubuwan da ke kawo nauyin.

Saboda haka kamfanin da zai sayi waɗannan injuna yakan dubi abubuwa huɗu.

Na farko, yawan kayan da injin ke iya ɗauka. Ana auna shi da gigabit a kowace daƙiƙa. Akwai ƙofa mai 10, da mai 100, da mai 400. In kowane mai kallon bidiyo yana bukatar megabit 5, ƙofa mai gigabit 10 mutum 2,000 kaɗai za ta ɗauka. Mai hankali yakan saya da rara, kamar yadda uwa ke ɗinka wa yaro riga da ɗan girma.

Na biyu, ƙwaƙwalwar injin. Babban rauta yana riƙe da jerin hanyoyin duniya duka. A watan Agusta na 2014 hanyoyin nan suka haura 512,000, sai tsofaffin injuna da yawa suka rikice, sabis ya tsaya a wurare daban-daban. Yanzu hanyoyin sun kai wajen miliyan guda.

Na uku, wuta da zafi. A ƙasarmu ta Kabi zafin bazara yakan wuce awo 40, ga ƙurar hunturu, ga ɗaukewar lantarki. Injin da bai samu sanyi ba zai riƙa mutuwa da tsakar rana. Don haka ake son mai mashigar wuta biyu, a kuma ajiye wani injin kusa da shi, in ɗaya ya tsaya ɗayan ya karɓa.

Na huɗu, gyara. Kamfanoni irin su Cisco da Juniper da Huawei da Nokia duk suna ƙera su, amma suna kaɗai ba ya isa. Akwai kayan gyaransa a kusa? Akwai wanda ya iya shi? Sannan dole hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ta amince da irinsa.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, ke nan karatunmu ya rataya ga waɗannan injuna da ba mu taɓa gani ba. Ina roƙon 'yan'uwana mu dage da lissafi da kimiyya, don wata rana ya zama 'ya'yan Gwandu ne ke zaɓensu da gyaransu. Allah ya sa mu dace, amin.